Na haɗa kunun zaƙi da maltinar gida, gorunan suka kumbura: a ina na kuskure?

Mai Kunu, Rafindadi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai damuwa ce ta sa na rubuto.

Sana'ata kunun zaƙi da zoɓo, shekara tara ke nan ina yi a cikin gida, yara na kai mani bakin makaranta da wurin teloli. A hannun kakata na koya, Allah Ya jiƙanta. Ita kam ban taɓa ganin ta sa sukari a kunu ba, tsiro da dankali ne kawai, kuma zaƙin ya ishi kowa. Ni da na girma sai na bi hanyar sauri, na koma zuba sukari kamar yadda kowa ke yi yanzu, har na manta yadda take sarrafa tsiron nata.

Tun da mahaifinmu ya yi jinya bara, abinci ya fita ranshi. Tuwo sai ya yi loma biyu ya ture kwanon. Abin da kawai yake karɓa da hannu biyu shi ne maltina mai sanyi. Mu shida ne, muna karo-karo muna saya mashi katan, amma kowa ya san yadda kaya suka yi. Rannan ina riƙe da gwangwanin da ya shanye, na tsaya ina karanta abin da aka rubuta a jiki, sai na ga dawa a cikin kayan haɗin. Dawa fa! Ga ta nan buhu guda a ɗakin ajiya, kaura ce mai kyau da ƙanen maigidana ya aiko mana daga Rimi. Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta saƙa da warwara.

Ba maltinar kanti nake son kwaikwaya sak ba. Abin da nake so shi ne abu guda wanda zai ɗauko kalar maltina da ƙamshin gasasshen tsiro, ya kuma ɗauko ɗan kauri da yajin citta da kanumfari da ɗan tsamin nan na kunun zaƙi. Baba ya sha ya ji ya ƙoshi, ba ruwan sukari kawai ya cika ciki da shi ba.

Ga yadda na yi. Na auno kwano ɗaya na dawar, na wanke, na jiƙa ta kwana. Da safe na tsane ta, na baza a kan jiƙaƙƙen buhu a lungun kicin, na rufe da wani. Kwana uku ta yi tsiro, fararen saiwoyi sun sarƙe da juna har sai na sa hannu na ɓaɓɓare. Na shanya a tabarma kwana biyu ta bushe ƙarau. Sai na zuba ta gaba ɗaya a kasko na soya ba mai, ina juyawa har ta yi duhu kamar gyaɗar da ta kusa ƙonewa. Ƙamshin ya cika gidan, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar me nake toyawa. Na aika inji aka niƙo, da saiwoyin da komai. Na dama garin da ruwan sanyi, na sheƙa mashi tafasasshen ruwa kamar yadda nake wa kunu, na rufe, na zamna ina jiran zaƙi ya fito.

Zaƙi bai fito ba. Bayan awa uku na ɗanɗana, kauri ne kawai kamar koko, da ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Ganin wahalata za ta tashi a banza, sai na narka mazarƙwaila uku na zuba, na jiƙa dabino cikin kofi babba na dame na tace na ƙara. Don tsami kuma na ɗebo ludayi biyu na kunun jiya da ya rage na zuba a ciki, na rufe ya kwana. Da asuba na tace, na kai wa Baba kofi guda. Ya sha rabi ya ce da daɗi amma akwai ɗaci. Sauran na ɗura a goruna 14, na ɗaure murafun tam, na jera a firji.

Ranar da rana aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai bayan kwana biyu. Watan Afrilu ne, kun san zafin Katsina a lokacin, ko ruwan randa ɗumi yake yi. A rana ta uku na buɗe firjin na tarar gora ɗaya ta fashe ta ɓata ko'ina, sauran sun yi tauri kamar dutse, gindinsu ya turo waje ba sa iya tsayuwa. Na kwance murfin ɗaya a hankali, ya yi tsaki, kumfa ta taso ta zubo mani a hannu. Warin kamar na ƙullin fanke da ya wuce lokacin suya. Na taɓa da yatsa na sa a harshe, na ji yana cizo. Wallahi jikina ya yi sanyi, ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Na kwashe duka na tuttular a makwarara, na wanke firjin sau uku, ina yi ina istigfari.

To 'yan uwa, don Allah wanda ya sani ya taimake ni. Me ya hana zaƙin fitowa, alhali tsiro ne zalla? Ina ɗacin ya fito? Kuma wanda ya fi damuna: abin da na zubar ɗin nan giya ce ya zama? In haka ne, kofin da Baba ya sha a safiyar farko fa?

Ɗan Ƙofar Guga

Baiwar Allah, ai ba sai an ɓoye maki ba, burkutu kika haɗa. Tsiron dawa, a dafa, a bari ya kwana uku, me ya rage? Ki tsaya a kan zoɓonki da kununki, ki bar wannan bincike-binciken. Abin da zai kai mutum ga shubuha barinshi ya fi.

Mai Kunu, Rafindadi

Malam, na gode da nasiha, amma maganar ta yi mani zafi. Da na so abin da kake faɗi da ban zubar da goruna 14 ba, da kuma ban zo nan na tona kaina ba. Kakata ta yi shekaru tana yin tsiro a ƙarƙashin gadonta, mace ce da ba a taɓa jin ta bar azumin Litinin da Alhamis ba. Ba tsiron ne laifi ba, wani wuri ne na kauce, kuma shi nake nema a nuna mani.

Gwaggo, Daura

Jikata ce ke rubuta mani wannan, ita ta karanto mani labarinki. Ɗiyata, kwantar da hankalinki. Na fi shekara arba'in ina kunun zaƙi a nan Daura kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma da tsiro na yi su duka.

Kin kashe tsironki tun a kasko. Tsiro rai gare shi, ko ya bushe ran na nan a kwance, shi ne yake cin kaurin kunu ya mayar da shi zaƙi. Wuta ba ta bar mashi komai ba. Ko da wani ya tsira daga kasko, ai kin bi shi da tafasasshen ruwa kin ƙarasa shi. Ki tuna yadda kakarki take yi, na tabbata ba ta taɓa haɗe ƙullunta wuri guda ba. Raba shi ake yi biyu, babba da ƙarami. Babban ake sheƙa wa tafasasshen ruwa ya dahu ya yi kauri. Ƙaramin, wanda aka markaɗa da tsiro da ɗanyen dankali, shi ba ya ganin wuta ko kaɗan. Sai babban ya huce, ki tsoma yatsa, in kin iya ƙirga uku kafin ki zare to ya yi, sannan ki juye ƙaramin a kai ki motsa ki rufe. Kafin ki gama share tsakar gida za ki ga kaurin ya saki ya zama ruwa. Wannan sakin shi ne zaƙin.

Ɗacin kuma biyu ne. Akwai na ƙuna, akwai na saiwa. Ba a kai tsiron dawa inji da saiwarshi da ɗan kan nan da ya fito. In ya bushe sai ki murje shi a tafin hannu ko a cikin buhu, ki sheƙe, ki bushe da faifai har ya zama ƙwaya zalla. Kada ki raina wannan. Duk wanda ya yi kiwo ya san abin da ɗanyen gyauron dawa ke yi wa dabba. Mu akuyarmu guda, mai ciki ma, ta shiga gona bayan girbi ta ci gyauro, kafin la'asar ta kumbura ta mutu. Abin da ke cikin gyauro yana cikin saiwar tsiro da kanshi.

Kwana uku ma ya yi kaɗan ga dawa, ki ba ta huɗu ko biyar. Safe da yamma ki yayyafa ruwa ki juya ta da hannu don kada ta yi zafi a tsakiya. In kin ga hunhuna, baƙi ko kore, kada ki ce za ki tsince, ki zubar gaba ɗaya, kuma ba wa kaji ba.

Sai maganar tsohon kunu. Wannan shi ne babban kuskuren, ɗiyata. Lokacin da maigidana, Allah Ya jiƙan shi, ya yi aiki wajen Malumfashi, mun zauna kusa da Maguzawa, mutanen kirki, mun yi zaman amana. Matansu suna dafa burkutu, kuma wata a cikinsu ta taɓa ce mani daga jiƙo har zuwa tata aikinmu da nasu kusan ɗaya ne. Inda muke rabuwa, su suna da gindin tsohuwar giya da suke ajiyewa su zuba a sabuwa su bar ta ta kwana biyu tana tafasa da kanta ba wuta. Mu kuma muna wanke tukunya tas, mu sha namu a ranar. Ke kin zuba tsoho a sabo, kin ƙara mashi mazarƙwaila da dabino, kin toshe mashi baki a cikin zafin bazara. Kunu na yini guda ne. Ni wanda ya rage mani bayan magariba sadaka nake yi da shi ga almajirai tun yana da kyau.

Kofin da babanki ya sha da asubar farko kunu ne da ya kwana ɗaya, kamar kowane kunun zaƙi. Kada ki sa wa ranki damuwa a kan shi.

Ɗan Dutsin-Ma

Anti, ni kimiyyar abinci na karanta, kuma gaskiya Gwaggo ta riga ta faɗi kusan komai. Zan dai sa maki lambobi a kai, in kuma ƙara yadda za ki samu kalar da kike so ba tare da kin kashe zaƙin ba.

Idan hatsi ya fara tsiro yana samar da wasu sinadarai da ake kira amilas, aikinsu yanka sitaci ya koma sukari don ɗan tsiron ya samu abinci. Iri biyu ne. Ɗaya yana daddatsa sitacin ya sa kauri ya saki, ɗayan kuma shi ne ke fitar da ainihin sukarin mai zaƙi. Tsiron dawa yana da na farkon sosai amma na biyun kaɗan gare shi. Ɗanyen dankalin Hausa kuwa cike yake da na biyun. Shi ya sa iyayenmu ke haɗa tsiro da dankali, kowa na cike giɓin ɗan uwanshi.

Matsalar dawa ita ce sitacinta ba ya nuna sai zafi ya kai wajen digiri 70 na Selsiyas (°C) ko sama da haka, alhali sinadarin mai fitar da zaƙi yana fara mutuwa tun kafin a kai nan. Sha'ir ba shi da wannan matsalar, nashi sitacin tun wajen digiri 60 yake nuna, shi ya sa Turawa suke zuba nasu a tukunya guda su gama. A 1988 da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, wannan ce babbar wahalar da kamfanonin ƙasar nan suka ci karo da ita da suka koma kan dawa da masara. Maltina tun 1976 take kasuwa, wato ta riga dokar da shekara 12, ita da sauran duk sai da aka sake lissafin haɗinsu. Irin dawar da aka fi yabawa wajen tsiro a lokacin har da SK5912, gajerar kaura da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar. Don haka kaurarki ta Rimi ba baƙuwa ba ce a wannan aikin.

Tunda ke tsiro zalla kike son amfani da shi, ga yadda za ki raba biyu irin na Gwaggo. Ki ɓarza tsiron, kada ya yi laushi kamar garin tuwo. Kowane kilo ɗaya ki ba shi ruwa lita huɗu mai ɗumi, wajen digiri 45 zuwa 50, ki motsa sosai, ki bar shi minti 30 ya kwanta. Ruwan da ya taso sama shi ne ke ɗauke da sinadaran, ki tsiyaye shi a wani mazubi ki ajiye. Gindin da ya rage ki ƙara mashi ruwa ki ɗora a wuta ya dahu ya yi kauri, kina juyawa kada ya kama. Ki sauke ya huce, ki mayar da ruwan da kika ajiye tare da markaɗaɗɗen dankali, ki nemi haɗin ya tsaya tsakanin digiri 60 da 65. Ki naɗe tukunyar da bargo ko ki sa ta a babbar kula awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Masu dolo, wato burkutun Barkina Faso, ma da wannan tsiyayar suke aiki da dawarsu. Ma'aunin zafi na girki ba shi da tsada, masu kayan kek suna sayarwa. In kina son tabbatarwa, ki ɗebi cokali ɗaya a farin faranti ki ɗiga aidin, irin na ciwo. In ya koma shuɗi mai duhu akwai sauran sitaci, ki ƙara lokaci. In bai canza ba an gama. Wanda kika ɗiga wa aidin ki zubar, ba a mayarwa tukunya.

Kala kuma, kashi ɗaya cikin goma na tsiron ya isa ki soya, in kina son duhu sosai ki kai ɗaya cikin biyar. Wanda ya fi daɗi ma shi ne ki ɗebi wannan kason tun yana ɗanye bai bushe ba, ki zuba a ƙaramar tukunya mai murfi, ki sa ta cikin ruwan zafi wajen digiri 65 zuwa 70 kamar awa biyu. Sukarin zai fito a cikin ƙwayar ita kanta. Sannan ki shanya ki soya a wuta kaɗan-kaɗan. Zai ba ki ja mai duhu da ɗanɗanon alewa maimakon ɗacin gawayi. Amma ki sani baƙin nan na kanti yawancinsa karamel ne, wato ƙonannen sukari, kuma suna ƙara sukari da ɗan furen hops mai ɗaci. Iskar da ke cikin kwalbarsu da inji ake ɗura ta. A gida gorar da ta yi iska da kanta, yawanci yis ne ya ci sukari, kuma a rufaffiyar gora yis ba ya fitar da iska sai tare da barasa. Don haka amsar tambayarki ita ce e, abin da ke cikin gorunan nan a rana ta uku ya fara zama giya, kuma kin yi daidai da kika zubar.

Tsamin da kike so akwai hanya biyu. Mai sauƙi ita ce ruwan tsamiya kaɗan a ƙarshe. Ɗayar kuma ki bar tataccen ruwan a rufe na 'yan awoyi ya ɗan yi tsami da kanshi irin na kunu, kina ɗanɗanawa, da ya kai inda kike so sai ki tafasa. Tsami kafin wuta, ba bayan wuta ba.   Ki tafasa minti 45 zuwa awa ɗaya, tukunya a buɗe, citta da kanumfari su shiga a minti goma na ƙarshe. Buɗewar tana taimakawa wajen korar ragowar gubar nan da Gwaggo ta yi magana a kai, wadda sinadarin sayanayid ce, amma ba ta maye gurbin murje saiwa ba.

Bayan tafasa kada komai ɗanye ya ƙara shiga, ko ludayin da ya taɓa tsohon kunu. Ki huce shi da wuri ta hanyar sa tukunyar a baho mai ruwan sanyi, ki ɗura a wankakkun kwalabe, ya shiga sanyi. Abu ne mai sukari da tsaminsa bai kai ya kare shi ba, don haka ko an tafasa ba ya zama a zafin ɗaki. In akwai wutar lantarki zai yi kwana biyu a firji, in babu a shanye a ranar.

Almajirin Zaure, Ƙofar Marusa

Malama, Allah Ya saka maki da alheri a kan hidimar mahaifi. Zan ƙara kaɗan ta ɓangaren da na ɗan karanta.

Abin sha na dawa ba sabon abu ba ne a fiƙihu. Abu Musal Ash'ari, Allah Ya yarda da shi, da aka aike shi Yaman ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da abubuwan sha biyu da ake yi a can, ɗaya na zuma, ɗayan ana ce mashi mizru, na dawa da sha'ir. Amsar da aka ba shi ita ce duk abin da ke bugarwa haramun ne. Ba a haramta zuma ba, ba a haramta dawa ba, maye aka haramta. Kuma ya tabbata daga Ibnu Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a shayar da shi ko a zubar. Malamai sun ce in alamar canzawa ta bayyana, kamar kumfa da tafasa da kanshi, ba a jiran kwana ukun. Ke ma da kika ga alama kin zubar, ba ki sha ba, ba ki sayar ba, kuma ba da niyya kika yi ba. Ban ga abin da zai hana ki barci a nan ba.

Abu ɗaya dai zan ja hankalinki a kai, shi ne dabinon. Akwai hani a kan tsima abubuwa biyu tare, kamar dabino da zabibi, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin da aka ambaci wannan. Dalilin da malamai suka bayar shi ne haɗin yana sa abin ya yi saurin juyawa, mutum na zaton da sauran lokaci alhali ya riga ya canza. Abin da ya faru a firjinki ke nan. Ki bar dabinon a gefe, Baba ya ci abinshi daban.

Ɗan uwanmu na Ƙofar Guga kuma, niyyarka mai kyau ce, amma a riƙa sassauta harshe ga wanda ya zo tambaya.

Mai Kunu, Rafindadi

Na dawo, ku yi haƙuri da shirun, sai da na jira na gwada kafin in ce komai. Gwaggo, Allah Ya ƙara maku lafiya, Ya sassauta gwiwar nan. Da jikarku ta rubuto maganar raba ƙullu, sai ga kakata a idona tana ajiye ƙaramar ƙwarya a gefen murhu tana hana mu taɓawa. Shekara nawa ina ganin ƙwaryar nan ban taɓa tambayar amfaninta ba. Na yi kuka sosai ranar.

Wannan karon rabin kwano na yi don kada in sake asara. Kwana huɗu da yini na ba tsiron, safe da yamma ina juyawa. A rana ta huɗu na tauna ƙwaya ɗaya, ta yi laushi, da ɗan zaƙi kamar ɗanyen rake da bai nuna ba. Na ɗebi kamar cikin tafi huɗu tun yana ɗanye na yi mashi turaren da ƙanena na Dutsin-Ma ya ce, ƙaramar tukunya cikin babba a kan garwashi. Nan na sha wahala, don garwashi ba ya jin magana, sai ka ga ma'aunin ya haura 75 na yi maza na janye, ya sauka na mayar. Amma da na soya shi daga baya, ƙamshin daban ne da na farko, kamar ana dafa alewar madara a maƙwabta. Sauran na shanya, na murje a cikin buhu. Saiwar da ta fita ta kusa cika ƙaramin kwano, na tsaya ina kallonta ina tuna duk wannan na niƙa na ba Baba a karon farko.

Wurin da ya fi burge ni shi ne lokacin mayar da ruwan tsiyaya. Gindin ya dahu ya yi kauri har muciya na tsayuwa a ciki. Na jira ya sauka, na juye ruwan da markaɗen dankali biyu matsakaita, ma'auni ya nuna 63. Ina juyawa ina ji a hannuna kaurin na saki, kafin minti biyar muciyar na yawo kamar a ruwa. Na kira babbar ɗiyata ta zo ta gani. Na naɗe da bargon yara na bar shi awa biyu. Aidin ɗin farko ya yi shuɗi-shuɗi, na ƙara rabin awa, na biyu bai canza ba. Na ɗanɗana. Zaƙi ne na gaske, ba mai kama maƙogwaro irin na sukari ba, kuma ko ƙwaya ɗaya ta sukari ban sa ba.

Tsamiya na yi amfani da ita, ban yarda in bar shi ya jira ba, tsoron farko bai sake ni ba tukuna. Na tace da kyalle sau biyu amma na bar ɗan gari ya wuce don kaurin kunun, na tafasa minti 50 da citta da kanumfari da masoro kaɗan. Kwalba biyar na samu. Dabino ban sa ba, Allah gafarta Malam.

Baba ya shanye kofi guda, ya miƙo a ƙara. Ya ce ba maltina ba ce, ba kuma kunu ba ce, amma gobe ma a kawo. Yau kwana tara ke nan kullum ina dafa mashi na yini ɗaya, tsiron na nan a busasshen bokiti mai murfi ina ɗiba.

Abu biyu suka rage mani. Kalar ja ce kamar shayi mai kauri, ba ta kai duhun da nake so ba, kuma ina tsoron ƙara suya kada ɗacin ya dawo. Sannan in ya zauna awa ɗaya gari na kwanciya a gindin kwalba sai an girgiza. Maƙwabciyata ta ce in gwada farfara maimakon kaura, wai ta fi sakin ruwa. Gwaggo, ku da wace iri kuka fi yin tsiro a Daura? Ranar Lahadi maigidana zai shiga kasuwa, ina so in san wadda zan ce ya auno mani.